Likitan Sin a gaban ƙamusun Ingilishi

A harshen Sinanci sunan hanta « gan », kumburin da ke tafe da zafi kuma ana ce masa « yan », alamar da ake rubuta shi da ita kuwa hoton wuta ne ɗore bisa wata wuta. In aka gama biyun sai a sami « ganyan », wato ciwon hanta. Huhu « fei » ne, saboda haka ciwonsa « feiyan ». Ƙoda « shen » ce, ciwonta « shenyan ». Ciwon sukari kuwa gaɓoɓi uku ne, « tang-niao-bing »: sukari, fitsari, cuta. Manomin da bai wuce lakkol ta firamare ba, in likita ya faɗa masa sunan abin da ke damunsa, ya riga ya san inda ciwon yake a jikinsa tun ba a fara yi masa bayani ba. Mai jin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, domin shi ma haka yake raɗa wa cututtuka suna: hawan jini, yoyon fitsari, shanyewar ɓarin jiki. Sunan da kansa yana bayani.

Da wannan harshe ake karantar da likitanci a jami'o'in ƙasar Sin, tun daga shekarar farko har zuwa ta biyar, lokacin da ɗalibi ke samun digirinsa. Da shi ake rubuta littattafan karatu, da shi ake jarrabawar samun izinin aiki, da shi ake cika takardun majinyata. Ƙasar da a ƙarshen 2023 take da likitoci sama da miliyan 4 da rabi, da ma'aikatan jinya sama da miliyan 5 da rabi, ba ta rasa kalmar komi a ɗakin tiyata ba. Amma duk da haka, babu wani matashin likita a Bejin ko Shangai ko Nanning da bai share darare yana haddar kalmomin Ingilishi ba. Dalilin a fili yake: sababbin binciken likitanci na duniya, mafi yawansu da Ingilishi suke fitowa, a mujallu irin su The Lancet ta London wadda aka kafa a 1823, da New England Journal of Medicine ta Boston wadda ta fara fita a 1812. Wanda ya jira sai an fassara masa, ya yi aiki da labarin bara.

Wahalar da ke gaban wannan matashi ta fi yadda mai jin Faransanci zai zata. Ingilishin likitoci harshe ne mai hawa uku. Ƙoda ɗaya ce a jikin mutum ko biyu, amma sunanta uku: ta bakin mutanen gari « kidney », ta hanyar Latin « renal », ta hanyar harshen Girka « nephro ». Wanda ya san ta farko bai san sauran ba, domin babu kama ko kaɗan a tsakaninsu. Ɗalibin lise na Maraɗi ko Tawa da ya saba da « rénal » da « néphrite » da « hépatite » ya sami rabin hanyar kyauta, tun da Faransanci da Ingilishi daga rijiya ɗaya suka ɗebo waɗannan kalmomi. Ɗalibin Sin kuwa ba shi da wannan gado. A wurinsa « hepatitis » jerin baƙaƙe ne guda tara waɗanda ba su ce masa komi ba, babu hanta a ciki, babu wuta. Sai an koya masa cewa « hepat » ita ce « gan », « itis » kuma shi ne « yan », sa'an nan ƙofa ta buɗe. Shi ya sa darussan Ingilishin likitanci a can suke farawa da yanka kalma gunduwa-gunduwa: saiwa, ɗafa-goshi, ɗafa-ƙeya. Wanda ya riƙe ƴan ɗaruruwan waɗannan gutsattsari yana iya warware dubban kalmomin da bai taɓa gani ba. Wanda kuma ya yi sakaci da baƙi biyu ko uku, ya rikita « hyper » da « hypo », ya mai da hawan sukari saukarsa, to, kuskuren kan gadon majinyaci zai sauka.

Wannan gwagwarmaya da ƙamus tsohuwa ce. A 1835 wani likitan mishan ɗan Amurka, Peter Parker, ya buɗe asibitin ido a Kanton, birnin da yanzu ake kira Guangzhou. A 1851 Benjamin Hobson, ɗan Ingila, ya wallafa littafin ilimin sassan jiki da Sinanci, a 1858 kuma ya fitar da ƙaramin ƙamusun kalmomin likitanci na Ingilishi da Sinanci a Shangai. Philip Cousland ya biyo baya da babban ƙamusunsa a 1908. A lokacin, Turawa ne ke neman yadda za su zuba iliminsu cikin Sinanci. A 1917 gidauniyar Rockefeller ta kafa babbar makarantar likitanci ta Peking Union a Bejin, inda ake koyarwa da Ingilishi. Bayan 1949 iska ta juya wajen Mosko, ɗaliban shekarun 1950 suka duƙufa ga Rashanci. Daga 1966 juyin da aka kira na al'adu ya rufe jami'o'i na shekaru, sai a 1977 aka dawo da jarrabawar shiga jami'a. Cikin shekara talatin, tsara guda ta likitoci ta ga an canza mata harshen waje sau biyu. Zhong Nanshan, masanin cututtukan huhu wanda duniya ta san sunansa a annobar SARS ta 2003, an haife shi a 1936. Yana da shekara 43 ya tafi ƙarin ilimi a Birtaniya, daga 1979 zuwa 1981. Irinsa da yawa sun koma ɗaliban harshe bayan sun yi furfura a bakin aiki.

Abin da rashin harshe ɗaya tsakanin masana ke jawowa, labarin maganin masassarar cizon sauro ya isa misali, kuma labari ne da ya shafi kowane gida daga Gaya har Difa. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shirin sirri mai lamba 523 don neman sabon maganin wannan cuta. Tu Youyou, wadda aka haifa a 1930, ta bi tsofaffin littattafan magani har ta iske bayanin Ge Hong, masanin ƙarni na 4, game da wani tsiro mai suna « qinghao », ɗan dangin tazargade, inda ya ce a jiƙa shi a ruwa a matse. Ta lura bai ce a tafasa ba, ta gane zafin wuta ne ke kashe ƙarfin maganin. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. A 1971 ta sami tatar da ke aiki, a 1972 aka ware sinadarin da yau ake kira artemisinin. Bayanin farko ya fita da Sinanci a 1977, na Ingilishi sai a 1979. Hukumar lafiya ta duniya ba ta ba da shawarar haɗe-haɗen magungunan da ke ɗauke da shi ba sai a 2001. Dalilan wannan jinkiri suna da yawa: sirrin gwamnati, rashin yarda tsakanin Gabas da Yamma, da ƙa'idojin gwajin magani da ba su zo daidai ba. Amma harshe yana cikinsu, domin abin da masanan duniya ba su iya karantawa ba, ba sa iya tantance shi. A 2010 The Lancet ta buga sakamakon gwajin AQUAMAT, wanda aka yi kan yara 5425 a ƙasashen Afirka 9, ya nuna allurar artesunate ta rage mutuwa da kashi 22,5 cikin ɗari in aka gwada da kinin. Da Tu Youyou ta karɓi kyautar Nobel a 2015, da Sinanci ta gabatar da laccarta a Stockholm. Bincikenta da harshen gida aka yi shi. Isarsa ga yaron da ke kwance a asibitin Madarunfa kuwa sai da ya bi ta Ingilishi.

Ƙasar Sin ta ɗauki darasin da gaske. Tun 1987 akwai jarrabawar Ingilishi ta ɗaliban jami'a mai suna CET, mataki na 4, sai mataki na 6 da ya biyo a 1989. Daga 2001 aka shigar da Ingilishi tun aji uku na firamare. A jarrabawar shiga jami'a, harshen waje yana da maki 150 cikin 750 a mafi yawan larduna, daidai da lissafi, daidai da Sinanci. Sai dai wannan tsari ya haifar da abin da Sinawa da kansu suke yi wa laƙabi da « Ingilishin bebe »: ɗalibi ya haddace dubban kalmomi, ya ci jarrabawa, amma bai iya buɗe baki ya tambayi majinyaci inda ke masa ciwo ba. Kuma ko a karatun ma, hadda ba ta kai mutum ƙarshen shafi.

Masana koyar da harsuna sun auna wannan. Paul Nation na New Zealand ya nuna a 2006 cewa mai son karanta rubutun Ingilishi ba tare da taimako ba yana bukatar sanin kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke shafin, wato kada baƙuwar kalma ta wuce ɗaya cikin hamsin, kuma hakan na nufin zuriyar kalmomi 8000 zuwa 9000. A 2000 Averil Coxhead ta tsara jerin zuriyar kalmomi 570 da suke yawan dawowa a rubutun jami'a kowane fanni. A 2008 wasu malamai uku na wata jami'ar likitanci ta birnin Xi'an, Wang da Liang da Ge, suka yi irin wannan aiki kan maƙalun likitanci kaɗai, suka fitar da zuriya 623. Abin lura a jerin nasu shi ne, yawancin kalmomin ba sunayen cututtuka ba ne. Kalmomi ne na tsakiya, waɗanda ke nufin aunawa, kwatantawa, raguwa, aukuwa, sakamako. Su ne turmi da laka da ke riƙe tubalan jumla, kuma su ne ƙamusun likitanci ba ya damuwa da su, malamin Ingilishi na gama-gari kuma bai kai gare su ba.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa, wato kalmar da ɗalibi ya tabbata ya sani. Ya koyi « labour » a matsayin aikin ƙarfi, sai ya iske ta a ɗakin haihuwa tana nufin naƙuda. Ya san « culture » al'ada ce, a ɗakin gwaji kuwa renon ƙwayoyin cuta ne don a gane su. « Stool » kujera ce ƴar tsugunne a kasuwa, a asibiti bayan gida ne. « Theatre » gidan wasan kwaikwayo ne, a asibitocin Ingila kuwa ɗakin tiyata. « Positive » kalma ce mai daɗin ji a ko'ina, ban da kan takardar gwajin jini. Baƙuwar kalma tana tsai da mai karatu ya buɗe ƙamus. Sananniya kuwa wucewa yake yi da ita da gaba gaɗi, yana ɗauke da ma'anar da ba ita ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mai jin Faransanci ma kada ya saki jiki, domin shi da nasa ramin: « angine » a bakin likitan Yamai ciwon maƙogwaro ne, « angina » a bakin likitan London ciwon ƙirji ne da ke nuna jini bai isa ga zuciya ba. Baƙi ɗaya ne ya raba su a rubuce, amma ɗaya ana ba shi ƙwayoyi a sallame shi, ɗayan kuwa ana iya kwantar da shi nan take.

Bayan kalma sai jumla. Sinanci ba ya sauya siffar aikatau don nuna lokaci, ba shi kuma da ƙananan kalmomin nan da Ingilishi ke ɗorawa gaban suna. Maƙalar likitanci kuwa a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa take tsaye. Marubucin da ya ce magani « may reduce » ciwo, cewa ya yi mai yiwuwa ne ya rage shi. Bai ce yana ragewa ba. Wanda ya ce abu kaza « is associated with » cuta kaza, cewa ya yi an gan su tare. Bai ce wannan ne ya haddasa wancan ba. « Significant » a wurin masu ƙididdiga tana nufin da wuya bambancin da aka gani ya zama na dace kawai, ba ta nufin bambancin babba ne. Likitan da ya fahimci duk manyan kalmomin Girka da ke shafin amma ya tsallake waɗannan, ya karanta tabbas a inda marubuci ya rubuta shakka. Fahimtar karatu a nan ita ce sanin nauyin da marubuci ya ɗora wa maganarsa, da sanin ina za a duba: yawan mutanen da aka gwada, yadda aka zaɓe su, da abin da masu binciken suka yarda bincikensu bai kai gare shi ba.

Harshen da ya zama tsani yana iya zama kuma bulala. Shekaru da dama ƙarin girma a manyan asibitocin Sin ya rataya ga buga maƙala a mujallun waje. Likitan da ke duba majinyata da yawa a wuni, ya yi tiyata, ya kwana a bakin aiki, an ce kuma ya rubuta bincike da harshen da ba nasa ba. Nan ƴan kasuwa suka sami ƙofa, kamfanoni suka fito da sunan gyaran Ingilishi, wasunsu suka zarce zuwa sayar da maƙala da ƙirƙiro masu tantancewa na bogi. A watan Afrilu na 2017 aka janye maƙaloli 107 na marubutan Sin a lokaci guda daga mujallar Tumor Biology saboda irin wannan maguɗi. A watan Fabrairu na 2020 ma'aikatun ilimi da na kimiyya na ƙasar suka fitar da umarnin rage dogaro ga ƙidayar maƙalun waje wajen auna masana. Darasin da ke ciki ya shafi duk mai riƙe da alli: in aka mai da harshe takardar shaida, mutane za su nemi takardar su bar harshen.

A wannan shekara ta 2020 kuma aka ga ɗaya fuskar. Ranar 24 ga Janairu The Lancet ta buga bayanin likitocin Wuhan kan majinyata 41 na farko da suka kamu da sabuwar cutar huhu: alamominta, yadda take tsananta, nawa suka shiga ɗakin kulawa ta musamman. Da Ingilishi suka rubuta, cikin ƴan kwanaki likitocin duniya suka karanta. Cutar ba ta iso Nijar ba sai ranar 19 ga Maris. Abin da ya ɗauki shekaru a zamanin Tu Youyou ya ɗauki makonni, kuma daga cikin dalilan akwai dararen nan na haddar kalmomi.

Mutanen Nijar sun san waɗannan likitoci ido da ido. Ƙasar Sin ta fara tura tawagar likitoci waje a 1963, zuwa Aljeriya. Ta ƙulla hulɗa da Nijar a 1974, tawagar farko ta iso a 1976, daga yankin Guangxi na kudancin ƙasar, wanda har ila yau a birninsa Guilin ake yin allurar artesunate da hukumar lafiya ta duniya ta amince da ingancinta a 2010. In ban da tsakanin 1992 da 1996, lokacin da hulɗar ƙasashen biyu ta yanke, tawagogin sun yi ta maye juna, sun yi aiki a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma babban asibitin Yamai mai gado 500 da aka ƙaddamar a 2016 Sin ce ta gina shi. Likitan da ya sha wahalar Ingilishi shekara goma sha, in aka zaɓe shi zuwa Nijar, sai ya zauna watanni yana koyon Faransanci. Ya iso kuma ya tarar majinyaciyar da ke gabansa ba ta jin ko ɗaya.

A ɗakin duba marasa lafiya maganar takan bi ta bakuna uku ko huɗu. Tsohuwa ta ce da Hausa: « Ɗana, zuciyata ce ke tashi. » Ma'aikacin jinya ya mayar da Faransanci, tafinta ya mayar da Sinanci, likita kuma ya auna abin da ya ji da abin da ya karanta da Ingilishi. In wanda ke tsakiya ya fassara kalma da kalma, za a shiga binciken zuciya alhali tsohuwar amai take ji. In ta ce shawara ce ta kama jikanta, ba nasiha take nufi ba, idanun yaron ne suka yi ɗorawa. In ta ce sanyi ke damunta, sai an sake tambaya, domin sanyi a bakin Bahaushe ya tattara cututtuka da yawa. Likitan Sin ya san irin wannan daga gida, tun da majinyatansa na can su ma kan ce masa wuta ce ta hau musu, « shanghuo », kalmar da babu ƙamusun Ingilishin da ke da takwararta. Wayoyin hannu na yanzu suna fassara shafi cikin ƙiftawar ido, kuma sun sauƙaƙa aiki ƙwarai. Amma wanda zai gane inda na'ura ta kauce dole ya zama ya san harsunan biyu, domin kuskurenta da kyakkyawar jumla yake zuwa.

Malamin kwaleji ko lise a Nijar yana da abin ɗauka a nan. Sinawa sun gina likitancinsu da harshensu, sa'an nan suka koyi na waje don karatu da musaya. Ɗayan bai hana ɗayan ba, kuma ɗalibin da ya san « gan » da « yan » sarai ya fi saurin riƙe « hepat » da « itis », domin yana da inda zai rataya su. A Nijar an fara gwajin koyarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Yaron da ke zaune a aji yau, wanda gobe zai shiga sashen likitanci na jami'ar Abdu Mumuni ko makarantar ma'aikatan lafiya, zai yi karatu da Faransanci, ya nemi sabon ilimi da Ingilishi, ya saurari majinyaci da Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci. Amma a mafi yawan makarantu malamin Faransanci da na Ingilishi da na kimiyyar halittu kowa ajinsa yake shiga ya fita, ba su taɓa haɗa ƙoda da « rein » da « kidney » da « nephro » a kan allo ɗaya ba.

Aikin ba ya bukatar kuɗi. Awa ɗaya a wata ta isa malamai uku su raba allo gida huɗu, su jera saiwoyi ashirin na Girka da Latin tare da sunayensu na Hausa, su kawo takardar bayanin da ke cikin kwalin maganin masassara daga farmasi, su sa yara su nemo inda aka ce « kada », da inda aka ce « mai yiwuwa », da inda aka faɗi adadin da ya dace da nauyin yaro. Ƙungiyoyin raya al'adu kuma suna iya zama da ungozomomi da tsofaffin ma'aikatan jinya su rubuta yadda mutanen Gobir da Adar da Damagaram ke faɗin ciwonsu, kowace kalma da abin da take nufi da abin da ba ta nufi. Irin wannan ɗan ƙamus zai amfani ɗalibin gida, zai kuma amfani baƙon da ya taso daga Nanning da littattafai uku a jakarsa, wanda gobe da safe wata tsohuwa za ta zauna gabansa ta ce masa zuciyarta ke tashi.